Marasa Baki

Yau na janyo akwatin ƙarfen daga ƙarƙashin gado,
na kwance igiyar da ta maye gurbin kwado.
Warin kafur da tsohon shuni ya tare ni.
Ga su nan kwance, kai da ƙafa, kamar 'yan ɗaki ɗaya
da barci ya kwashe ana tsakar tatsuniya.

Ta farko ba ta nan.
Karan dawa ce, na ɗaura mata gefen ɗankwalin inna,
akuyar maƙwabta ta cinye ta a Kusfa
tun ban iya ɗaurin zane ba.
Kukan da na sha ran nan shi ya saya mini allura.

Malam Ɗan'asabe tela, a rumfarsa ta bakin Ƙofar Doka,
shi ke tara mini abin da almakashi ya rage:
kunnen atamfa, jelar shadda,
guntun leshin da bai kai tafin hannu ba.
"Kwashi, Tabawa, kin hutar da tsintsiya."
In rimi ya fashe sai mu bi gindinsa da ƙwarya,
ni da Lantana, muna tsintar abin da iska ta manta.
Da shi na cika cikinsu.
Shi ya sa ba su da nauyi,
shi ya sa in an matse su sukan dawo yadda suke.

Shekara arba'in da ɗoriya.
Tsakaninsu na ɗinka matashin kai, hular jarirai,
jakar makaranta mai aljihun ɓoye gyaɗa.
Sule ya wuce, kwabo ya wuce,
ƙantar ɗan yatsan nan tana nan inda take.

Wannan mai ido ɗaya, maɓallin rigar wana ne idonta.
Wannan mai kitson zare, an yi cinikinta sau uku,
sau uku ina cewa ba a gama ba.
Shuɗiyar kuwa ba ta sayarwa ba ce:
daga hannun rigar maigidana na yanke ta
bayan an share makoki,
fitila na ƙarewa, ɗinkin ya karkace.
Na bar shi haka.

Sai na roba suka sauka a Sabon Gari,
gashi ruwan ɗorawa, ido na lumshewa,
in ka danna cikinsu su yi kuka.
Yara suka bi su. Ban ga laifinsu ba,
ni ma na tsaya na kalla har mai shago ya tsargu.

Bara a asibitin Shika,
likitar da ke haska idona ta dubi katin, ta dube ni.
"Ke ce Tabawa mai 'yar tsana?"
Wai tata tana nan. Hannu ɗaya ya taɓa cirewa,
ta mayar da shi da zaren tiyata.
Na ce yanar idon ce ke sa ni hawaye.
Ta ce e, haka take yi.

Ban taɓa yi musu baki ba.
Mutane sun ɗauka zaren ja ne ya yi tsada.
Ai da dare nake ɗinki,
kuma mai ɗinkin dare ba ya rasa abin faɗa.
Duk abin da ban gaya wa kowa ba a Zariya
yana cikin audugar nan.

Yanzu kafar allura ta ƙi ni.
Yelwa jikata ke zura mini zare,
ta lasa, ta kanne ido, sau ɗaya ya shige.
Ɗazu ta ɗauki shuɗiyar ta juya ta,
ta ce, "Kaka, bari in sa mata baki."

Na yi shiru har ladan ya gama kiran la'asar.
Sannan na miƙa mata jan zaren.
Na ce, ƙarami dai. Kada ya buɗe da yawa.